Bayan iPod: Irin Na'urar Sauraron Da Ta Cancanci Aljihunmu

Ranar 10 ga Mayu, 2022, kamfanin Apple ya sanar da daina ƙera iPod touch, auta a zuriyar iPod. Mutane da yawa sun ɗauka an yi jana'izar duk wata na'urar sauraron kiɗa ta aljihu ke nan, tunda wayar hannu ta haɗiye aikinta bayan ta haɗiye na kyamara da tocila da agogo. Amma kasuwar ba ta watse ba. Sony bai daina fitar da Walkman ba, FiiO na ƙasar Sin da Astell&Kern na Koriya ta Kudu suna ta sako sababbin samfura, kuma duk sanda aka ji wata na tafe, masu sauraro kan shiga lissafa abin da suke fatan gani a cikinta. Ni ma ina da nawa lissafin, kuma ya sha bamban da abin da kamfanonin ke bugawa a jikin kwali.

Shekaru da dama tambaya ɗaya ce ke bakin mai saye: waƙa nawa take ci? Walkman na farko, wanda Sony ya fitar a 1979, kaset guda yake ɗauka. Da masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci samar da tsarin MP3, mai matse sauti har minti ɗaya ya koma kusan megabait ɗaya, sai hanya ta buɗe. MPMan da aka ƙera a Koriya ta Kudu a 1998 tana da megabait 32, wato kusan rabin sa'a na kiɗa. A Oktoban 2001 iPod ta zo da gigabait 5, waƙa dubu, a kan dala 399, kuma zuwa 2007 ta kai gigabait 160. Yau memori da bai fi farce girma ba yana ɗaukar terabait guda. An gama da wannan tambayar. Wadda ta maye gurbinta ta fi ta nauyi: abin da ke cikin na'urar, na mai ita ne, ko kuwa haya yake yi?

Wanda ke sauraro ta Spotify ko Boomplay ko Audiomack haya yake yi. Idan data ta ƙare, ko sabis ya ɗauke a kan hanya, ko yarjejeniyar kamfani da mai waƙa ta ƙare, abin da yake ji jiya sai ya neme shi ya rasa. Ban da haka, kaso mai yawa na abin da Bahaushe ke sauraro ba a waɗancan rumbunan yake zaune ba. Tsofaffin ɗaukar Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Narambaɗa da aka kwaso daga kaset, tafsirin azumi na malamin unguwa, littattafan Hausa da ake karantawa a murya, duk yawancinsu hannu da hannu suke yawo. A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, da makamantanta a kowane gari, mutum kan miƙa wa mai tura waƙa memorinsa, ya faɗi abin da yake so, a cika masa ya biya. Wannan hanya ba ƙaramar aba ba ce. Daga irin waɗannan memori na wayoyin mutanen arewacin Mali Christopher Kirkley ya tattara kundin Music from Saharan Cellphones a 2011, kuma ta nan ne Turai da Amurka suka fara jin jitar Mdou Moctar, ɗan Nijar.

Saboda haka abu na farko da nake nema shi ne ramin memori, kuma na'urar ta karɓi fayil daga kowace kwamfuta ko waya ba tare da an tilasta wa mutum wata manhaja ta kamfani ba. iPod, duk da kyan ƙirarta, ba ta taɓa samun ramin memori ba, kuma sai ta hanyar iTunes ake loda mata kaya yadda ya kamata. 'Yar ƙaramar Sansa Clip+ da SanDisk ya fitar a 2009 kuwa, mai arha, tana da ramin, tana da rediyo, kuma har yau masu ita ba sa son rabuwa da ita.

Inda masu ƙira suka fi yin sakaci shi ne wajen dogon sauraro. Sun gina manhajojinsu a kan waƙar minti uku mai sunan mawaƙi da hoton kundi a jikinta. Ɗauki direban babbar mota da ya taso daga Legas zuwa Maiduguri da tafsirin sa'a biyu a kunne. Ya tsaya shan mai, ya kashe na'ura, da ya kunna sai ta mayar da shi farkon karatu, ya koma yana danna maɓalli yana laluben inda malam ya tsaya. Na'ura ta gari ya kamata ta riƙe wa kowane fayil gurbin da aka tsaya, ko da an saurari wasu goma a tsakani, ta kuma bari a tsallake minti biyar ko goma da dannawa ɗaya. Mai hadda yana buƙatar ya sa alama a farkon aya da ƙarshenta, ta yi ta maimaita masa har ta zauna, ya kuma iya rage saurin karatun ba tare da murya ta canja ba. Fayilolin da aka turo daga kasuwa galibi ba su da cikakken suna, don haka dole a iya bin su folda folda kamar yadda mai su ya jera. Akwai kuma batun haruffa. Rubuta «Ɗanƙwairo» daidai, ka saka a wasu ƙananan na'urori, sai ka ga akwatuna ko alamar tambaya a madadin ɗ da ƙ. Tsarin Unicode ya daɗe da tanadar wa haruffanmu masu lanƙwasa gurbi, don haka wannan ba gazawar fasaha ba ce, rashin kula ne.

Sai batir. Yawancin sababbin na'urori masu tsada wayoyi ne da aka cire wa layi: babban sikirin, manhajar Android, da cajin da ba ya kai kwana biyu. Wanda wutar unguwarsa ke zuwa sa'o'i kaɗan a rana ba abin da zai yi da wannan. Ina son ƙaramin sikirin, maɓallai na gaske da za a iya lalubawa a cikin aljihun riga ba sai an duba ba, da batirin da zai yi kwanaki. Kuma a iya cire shi. Batirin litiyam zafi ke cinye masa rai, mu kuwa a watan Afrilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40. Tarayyar Turai ta wajabta ramin caji na USB-C tun daga ƙarshen Disamban 2024, kuma dokarta ta 2023 ta tanadi cewa daga Fabrairun 2027 mai kaya ya iya sauya batir da kansa. Ina fatan kayan da za a kawo kasuwanninmu su zama irin waɗannan, ba ragowar da aka hana sayarwa a can ba.

Ramin iyafis ma a bar shi. Tun da Apple ya cire shi daga iPhone 7 a 2016 wasu suka bi sahu, alhali Bluetooth yana ƙara matse sauti, yana kuma ƙara wa mutum abin da zai yi wa caji. Wayar iyafis ɗin ce kuma ke zama eriyar rediyon FM, kuma na'urar da ba ta kama labaran safe ta rasa rabin amfaninta a wurinmu.

Abin da kamfanoni suka fi tallatawa, wato sauti mai lambobi masu yawa, shi ne ya fi ƙarancin muhimmanci a wurina. Faifan CD, mai bit 16 da kilohaz 44.1, yana riƙe sauti har kusan kilohaz 22, kunnen ɗan Adam kuwa da ƙyar yake kai 20, kuma yana raguwa da shekaru. Mawaƙi Neil Young ya tara sama da dala miliyan 6 a 2014 don ƙera na'urar Pono bisa alkawarin sauti na musamman, zuwa 2017 maganar ta mutu. Akwai samfuran Astell&Kern da suka haura dala 3,000. Ya isa na'ura ta karanta FLAC, tsarin da ke matse fayil ba tare da zubar da komai ba, ta kuma fitar da sauti tsaf babu tsiyaya. Abin da zai fi amfanar mai tsohuwar ɗaukar kalangu shi ne damar rage shuuu ɗin kaset da daidaita ƙarfin murya tsakanin fayil da fayil, don kada wani ya zo can ƙasa, na bayansa ya fasa kunne.

Maganar kunne kuwa ba wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙarfi, ta kuma ba da ma'aunin desibel 80 na tsawon sa'a 40 a mako ga babba. Mai sauraro a cikin hayaniyar tasha ƙara murya yake yi bai sani ba. Na'urar ta riƙa ƙirga masa abin da kunnensa ya sha a mako, ta faɗa masa idan ya kusa wuce iyaka.

Har yau akwai masu buɗe tsohuwar iPod classic, wadda aka daina ƙerawa tun 2014, su cire faifan cikinta su dasa memori, su sa sabon batir, su ɗora mata Rockbox, manhajar da 'yan sa-kai suka fara rubutawa a farkon shekarun 2000 kuma kowa ke da ikon gyarawa. Da yawa daga abubuwan da na ambata, kamar riƙe gurbi da bin folda, Rockbox ta daɗe da yin su. Kamfanin da zai fito da sabuwa ya bar manhajarsa a buɗe haka, ya ɗaure murfin da noti maimakon gam, ya kuma sayar da batir da sikirin da maɓallai daban, yadda mai gyaran waya a Farm Centre ko Yamai zai iya tayar da ita idan ta shekara biyar.