Raya Kangayen Birnin Filadelfiya

Birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka, wanda jama'arsa suka ɗara miliyan 2 a shekarar 1950, ya wayi gari a 2000 da kimanin miliyan ɗaya da rabi, domin sa'ad da masana'antu suka rufe, mutane suka yi ƙaura, gidaje suka zube, sai aka bar dubun dubatar kangaye a tsakiyar unguwanni, da rana juji, da dare maɓoyar ɓata-gari, inda akan cusa bindiga cikin duhuwa a dawo a ɗauka in bukata ta taso.

Wata daɗaɗɗiyar ƙungiyar masu lambu, Pennsylvania Horticultural Society, wadda aka assasa tun 1827, ita ta ɗauki ɗawainiyar raya waɗannan matattun filaye, kuma dabarar tata ba tsada ba ƙawa: a kwashe shara, a baje ƙasa, a shuka ciyawa da 'yan itatuwa, sa'an nan a kewaye wurin da gajeren shingen katako wanda ko yaro zai tsallake, a riƙa dawowa ana aske ciyawar. Mai gaggawar hukunci zai ce, ina fa'idar shingen da ba ya hana kowa shiga? Alhali kuwa nan hikimar take, gama ba don tsaro aka kafa shi ba, sai don ya zama shaida ga mai wucewa cewa wurin nan yana da mai shi, akwai ido a kansa. Duk wanda ya zauna kusa da kangon gadon da magada suka kasa rabawa ba ya bukatar a yi masa sharhi.

Hujja ta zo a 2018, lokacin da Charles Branas na Jami'ar Kolumbiya da abokan bincikensa suka bayyana sakamakon jarrabawar da suka yi a kan filaye 541, waɗanda aka raba ta hanyar ƙuri'a, aka gyara wasu aka bar wasu yadda suke, don kada son zuciya ya shiga lissafi. A unguwannin matalauta, harbe-harbe suka ragu da kashi 29 cikin 100 a kewayen filayen da aka gyara, mutanen da a da tsoro ke kulle su a ɗaka suka fara fitowa shan iska.

Kuɗin aikin kuwa, a lokacin binciken, ya kasance kimanin dala 5 a kowane murabba'in mita, sai rabin dala a kowane murabba'in mita duk shekara ladan masu yankan ciyawa, kuma wannan rabin dalar ita ce mai wuyar samu, domin hukumomi sun fi son bikin buɗe aiki a kan biyan leburan da zai riƙa zuwa sau biyu a wata.