Ba Sammu Ke Fasa Bindiga a Hannun Mafarauci Ba

Da zarar an kammala girbi, aka fara kiɗan farauta a ƙauyukan Itas/Gadau zuwa dazukan da ke bin kogin Jama'are, sai tsohon zance ya dawo majalisa: bindigar wane ta fashe, ta tafi masa da yatsu ko ido. Kafin a kai shi asibiti a Azare an riga an yanke hukunci. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce naman da ya harba ba nama ba ne. Tun da matsalar tsaro ta sa mafarauta da 'yan banga suka shiga sintiri, sai wata magana ta ƙaru a kai, wai maganin ɓarayin daji shi ne a nemo harsashi mai ƙarfi, irin wanda aka buga wa "magnum" a jiki, a ɗura a bindigar da ake da ita.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hujjar da ake kawowa: "Ai ya shiga, in ba nata ba ne da bai shiga ba."

Shiga ba shaida ba ce. Harsashin bindigar tsuntsaye iri biyu ne suka fi yawa, mai tsawon milimita 70 da mai 76, kuma wannan awon na kwanso ne bayan bakinsa ya buɗe. Kafin a harba, bakin a naɗe yake, shi ya sa mai 76 ke zama lafiya lau a ramin da aka yanka don mai 70. Sai an ja kunama bakin ya nemi inda zai miƙe ya rasa, ya cushe hanya, wutar da ke bayansa ta taru.

Mutane suna kallon bakin bindiga, ni kuwa gindinta nake so a kalla. Albarushi idan ya kama ba ya zaɓen gaba. Yadda yake tura harsashi waje, haka yake tura gindin kwanso baya, saitin fuskar mai harbi. Abin da ke tsakanin wannan turi da idon mutum wani ɗan ƙarfe ne da ke kulle bayan bututu, wato sakatar bindiga. Nauyin da ke sauka a kanta kuwa abu biyu ke haɗa shi: tsananin matsin wutar, da faɗin gindin kwanson. A nan ake yawan ɓata. Iskar hadari ɗaya ce ke kaɗa kara da zana, amma zanar ke faɗuwa domin ta fi tare iska. Ruwan da za ka toshe da babban yatsa a bakin buta, ba ka toshe shi da tafin hannu a bakin kwalbati. Ƙofar zaure mai faɗi, mutum goma na iya jingina da ita lokaci guda, sakatar da ta ishi taga ba ta riƙe ta.

A harsashin .30-06, wanda sojan Amurka ya fara amfani da shi a 1906, matsin yana kaiwa wajen kilo 4,000 a kan wurin da bai wuce farcen ɗan yatsa ba, turin da ke kan sakata ya haura tan 4. A manyan magnum masu faɗin gindi, irin .338 Lapua, yana kaiwa wajen tan 7. Buhun masara 70 ke nan a kan ƙarfen da bai kai kaurin babban yatsa biyu ba, cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Ko harsashin tsuntsaye da ake rainawa, matsinsa kaɗan ne amma gindinsa faffaɗa, turinsa ya wuce tan 2.

Akwai kuma al'adar shafe ramin harsashi da mai don kada ya yi tsatsa. Lokacin harbi kwanso yana kumbura ya damƙi bangon ramin, ya rage wa sakata kaya. Mai yana hana wannan damƙar, sai nauyin ya zame gaba ɗaya ya koma baya.

Wani zai ce ya harba sau ashirin ba abin da ya faru. Waya ma ba a lanƙwasar farko take karyewa ba. Ƙarfe yana gajiya, tsagar tana farawa siririya daga ciki inda ido ba ya kaiwa, kuma ranar da zai saki ba ya sallama. Lamarin ya fi muni a harba-ka-ruga. An san ta da baƙin albarushi, wanda ya bambanta ƙwarai da albarushin zamani marar hayaƙi da Bafaranshen nan Paul Vieille ya samar a 1884. Wanda ya farke harsashin zamani ya juye garinsa a bindigar gargajiya, ya riƙe bam ne a gefen kumatunsa.

Turawan da suka ƙera waɗannan manyan harsasai ba su yarda da sa'a ba. Tun 1813 majalisar Ingila ta kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham, inda ake ɗura wa kowace bindiga abin da ya fi ƙarfin da za ta yi aiki da shi, a harba ta ba kowa a kusa, in ta jure a buga mata hatimi. Har yau laifi ne a can a sayar da wadda ba ta da shi. Mu kuwa dokar makamai ta 1959 ta yi dogon bayani kan wanda zai ba da lasisi, an kuma kafa masana'antar kayan yaƙi a Kaduna a 1964, amma mafaraucin Gadau bai da inda zai kai bindigarsa a duba masa lafiyarta. Gwamnatocin jihohin Arewa suna kiran mafarauta taro, suna raba musu babura da kaki, suna yaba jarumtarsu. Da a ce cikin kuɗin taron an ware na ƙwararren mai gyaran makamai ɗaya daga rundunar 'yan sanda, ya zauna a Azare sati biyu kafin farautar rani, ya karanta wa kowa lambar da ke jikin bututunsa, ya ware waɗanda suka tsage, da yatsu da dama sun tsira a ƙasar Katagum.