Hidimar Tarayya a Ƙananan Hukumomin Nasarawa

Duk wanda ya shiga sakatariyar ƙaramar hukumar Lafiya, ya tarar da sashen ayyuka da na noma da na kiwon lafiya kowanne da ofishinsa, yana iya zaton kowane sashe cin gashin kansa yake yi. Alhali kuwa dukkansu rijiya ɗaya suke sha, domin wasiƙunsu ta rajista ɗaya suke bi, fayilolin ma'aikatansu suna hannun sashen mulki, kuma ko sisin kwabo ba ya fita sai da sa hannun ma'aji.

Wannan tsari ba bidi'a ba ne, gama tun zamanin En'e, sa'ad da Lafiya ke cikin Lardin Binuwai, baitulmali ɗaya ne ke tattara haraji da jangali, ya biya alƙali da dogari da malamin asibiti. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 shi ya faɗaɗa tarayyar har ta ƙetare iyakar hukuma guda. Saboda haka a yau, a Jihar Nasarawa da aka kafa ranar 1 ga Oktoba 1996, hukuma ɗaya ce mai mazauni a Lafiya take ɗaukar manyan ma'aikatan ƙananan hukumomi 13, daga mataki na 7 zuwa sama, ta yi musu ƙarin girma, ta ladabtar da mai laifi, ta kuma ɗaga akawu daga Awe ta kai shi Toto in maslaha ta buƙaci haka.

Hikimar abin a fili take: ƙaramar hukuma irin Keana ko Wamba, wadda samunta bai taka kara ya karya ba, da wuya ta iya riƙe ƙwararrun ma'aikata ita kaɗai, balle ta horar da su.

Amma tarayyar aiki daban, tarayyar aljihu daban. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, aka yi shekaru ana kokawa a faɗin Nijeriya cewa gwamnoni na zaftare kuɗin, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Abin da ya wajaba yanzu shi ne a bar hidimar da tarayya ke sauƙaƙawa ta ci gaba, bisa sharaɗin kowace hukuma ta san abin da aka cire daga rabonta da aikin da aka yi mata da shi, domin amana ba ta tabbata sai da hisabi.