Daga Zungeru Zuwa Minna: Yadda Gari Ke Faɗaɗa, Tituna Na Kasa Haɗuwa

Lokacin da Lugga ya mayar da hedikwatar mulkin Arewa zuwa Zungeru a 1902, sai da aka auna fili aka shata hanyoyi kafin a aza tubali. Bayan komawar hedikwatar Kaduna a 1917, garin ya tsaya cik, Minna kuwa, wadda layukan dogo na Baro da na Legas suka haɗu a cikinta, ta ci gaba da bunƙasa har ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976.

Duwatsun da suka tokare Minna ta gabas sun sa garin ya miƙe a tsaye, daga Chanchaga zuwa Bosso har Maikunkele, sannan ya bazu ta hanyar Bida zuwa Gidan Kwano. An yi wa birnin taswirar ci gaba a ƙarshen shekarun 1970, amma gine-gine sun riga taswirar gudu. A unguwannin gefe da dama, masu gonaki ne ke yanka fuloti su sayar, kowa ya bar ɗan lungun da zai kai shi bakin titi, ba tare da lungun ya ɓulle zuwa na maƙwabci ba.

Abin da masana ke aunawa ke nan: yawan mahaɗar tituna, da yawan hanyoyin da ba sa ɓullewa. Wani bincike da Christopher Barrington-Leigh da Adam Millard-Ball suka wallafa a 2020 ya nuna cewa tun daga 1975, sababbin titunan da ake shimfiɗawa a sassa da yawa na duniya ba sa haɗuwa da juna kamar na da.

Illar a fili take. Gidaje biyu da katanga kawai ta raba sai an zagaya ta babban titi, kuɗin Keke Napep ya ƙaru, cunkoso ya taru a shataletalen Kpakungu, motar kashe gobara kuma ta rasa mashiga. Gyara daga baya na nufin rushe gidaje da biyan diyya.

Yanzu madatsar ruwan Zungeru mai ƙarfin megawat 700 ta sake jawo hankali ga tsohon garin. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, don haka ikon keɓe hanyoyi kafin a fara yanka fuloti yana hannun gwamnatin jiha.