Me ke tsaga kwanson harsashi?

Wani maharbi mai sauraronmu daga Tofa yana tambaya: me ya sa kwanson harsashinsa ke tsagewa da damina, alhali bai harba ba?

To malam, kwanson nan tagulla ne, kuma da matsi aka ƙera shi. In danshi ya haɗu da zarnin fitsarin dabbobi, sai ya ci tagullar ta wurin matsin. Haka ya faru ga sojojin Ingila a Indiya, masu ajiye harsasai a bargar dawaki. Sai 1921 aka gano dalili. Ka nisanta naka daga turke da buhun taki, ka sa a gwangwani mai murfi. Wanda ya tsage kuwa kada ka harba, kada ka sake ɗura masa albarushi, don wutar ta baya za ta fito, wajen idonka.