Ranar da aka yi wa Turawan Ingila mulkin mallaka

Duk mai yawo a TikTok ko X a 2025 da wuya a ce bai ci karo da gutsuren fim ɗin War of the Worlds ba, wanda Ice Cube ke zaune gaban kwamfuta yana zare ido, halittun wata duniya na ragargazar Amurka. An yi wa fim ɗin nan ba'a son rai. Kafin shi akwai na 2005 da Steven Spielberg ya shirya, Tom Cruise ya ja. Dukansu daga littafi guda aka ciro su, kuma abin da ya fi shafarmu a littafin shi ne abin da finafinan suka zubar.

Baturen Ingila H.G. Wells ne ya rubuta The War of the Worlds, wato yaƙin duniyoyi, ya fito a matsayin littafi a 1898. Yana cikin na farko-farko a ƙagaggun labaran kimiyya. A lokacin, Birtaniya ce ke juya duniya, tutarta na kaɗawa daga Indiya har gaɓar Legas. Sai Wells ya juya lamarin: yaya za ta kasance idan wasu da suka fi Ingila makami suka dira a kanta?

A labarin, wasu manyan tukwanen ƙarfe ne suka faɗo daga duniyar Mars kusa da garin Woking, kudu maso yammacin Landan. Jama'a suka taru kallo kamar an zo da wasan kura. Wata tawaga ta matso da farar tuta don a yi sulhu, aka ƙone ta ƙurmus da wani haske mai zafi. Daga nan baƙin suka hau injuna masu ƙafa uku da suka fi gidaje tsawo, suna fesa baƙin hayaƙi mai guba. Igwa da sojojin da Ingila ke taƙama da su suka zama abin wasan yara, mutanen Landan suka cika hanya da ƙunshin kaya a ka.

Me ya kawo baƙin? Duniyarsu ta tsufa, ta yi sanyi, tamu kuwa ga ruwa ga ɗumi. Ba su zo hira ba, ba su tambayi sunan kowa ba. Jinin mutane ma suke zuƙa su ɗura a jikinsu. Har da wata jar ciyawa suka zo da ita, ta mamaye koguna da gonaki. Ƙasa, dukiya, jikin mutum: ka cire kalmar Mars ka karanta, za ka ga tsarin mulkin mallaka ne tsaf.

Wells bai ɓoye nufinsa ba. Tun a babin farko mai ba da labarin ya ja kunnen mai karatu da kada ya yi saurin tsine wa baƙin, ya fara tuna abin da Turawa suka yi wa mutanen Tasmaniya, wani tsibiri a kudancin Ostireliya. Turawan Ingila sun sauka can a 1803, suka ƙwace filaye suka zuba tumaki. A 1830 gwamnati ta jera mutum sama da 2,000, soja da farar hula, suka ratsa daji a sahu ɗaya suna farautar 'yan ƙasa. Waɗanda suka rage aka kwashe su zuwa tsibirin Flinders, inda cuta ta cinye da yawansu. Da wata mata mai suna Truganini ta rasu a 1876, aka yi shelar cewa ita ce ta ƙarshe a jinsinta, aka baje ƙasusuwanta a gidan tarihi shekara da shekaru. Sai a 1976 aka ƙona su aka watsa tokar a teku.

Ba sai mun je Tasmaniya ba ma. A watan Satumba na shekarar da littafin ya fito, a Omdurman ta Sudan, rundunar Kitchener ta kashe mayaƙan Mahadi kimanin 10,000 cikin 'yan sa'o'i, ita kuwa ba ta rasa mutum 50 ba. Bindigar Maxim mai jigida na cikin abin da ya yi wannan aiki. Shekara biyar bayan haka, a 1903, irin wannan bindiga ta iso Kano a watan Fabrairu, ta isa Sakkwato a watan Maris. Mahayin da ya fito da takobi da mashi a ranar ya ga abin da mutanen Woking suka gani a takarda, sai dai shi a zahiri ya gani.

Akwai wani sojan igwa a littafin da ya yi hasashen cewa baƙin za su riƙa kiwon mutane a keji, su horar da wasu su farauto 'yan'uwansu, kuma za a samu masu yi da murna. Wannan wurin yana da ɗaci, don yawancin sojojin da Lugga ya ci ƙasar Hausa da su baƙar fata ne, Hausawa da yawa a ciki, hafsoshin ne kawai Turawa.

To, kafin mu ɗora Wells a sitatus a matsayin gwarzo, a dakata. Laifi tudu ne. A wurin nan da yake tausaya wa mutanen Tasmaniya, ya lissafa su ne tare da dabbobin da aka ƙarar, ya kuma sa su a sahun jinsunan da yake ganin suna ƙasa da Bature. Cewar da ya yi an shafe su gaba ɗaya ma ba haka ba ne, jikokinsu na nan har yau suna fafutukar ƙasarsu da harshensu. A 1901 kuma ya fitar da Anticipations, inda ya nuna cewa baƙaƙe da sauran waɗanda ba farare ba, idan ba su dace da sabuwar duniyar da yake hange ba, dole su gushe. Daga baya ya yi rubutun nuna takaici kan yadda ake wulaƙanta baƙar fata a Amurka, amma wancan tabon bai goge ba.

Ka lura da wani abu kuma: mutanen Tasmaniya layi kaɗan suka samu, Turawan Woking suka samu littafi guda. Kafin mai karatu na Landan ya ji zafin mamaya, sai da aka sa wa wanda ake zalunta fuska irin tasa. Ka duba wayarka yau, ka ga yaƙin da ke samun tuta a hoton kowa, da wanda ake kashe dubbai a Darfur ko gabashin Kwango a wuce shi kamar talla. Mu kanmu muna cikin masu wucewa.

Ƙarshen labarin (littafin da ya haura shekara 120 ba a cewa an tona asirinsa): ba soja ne ya ceci Ingila ba, ƙwayoyin cuta ne suka kashe baƙin, don jikinsu bai san su ba. Mu ma mun taɓa samun irin wannan garkuwa. Zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana tare Turawa a bakin teku, har suna kiran Afirka ta Yamma kabarin Bature. Sai a 1854 William Baikie ya shigo kogin Neja da Binuwai da jirgin ruwa, yana ba mutanensa maganin kwinin, ya koma ba tare da zazzaɓi ya kashe masa kowa ba. Baƙin Wells ba su zo da magani ba. Namu sun zo da shi.

Littafin ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, kyauta ne a intanet, kuma bai kai nauyin bidiyo ɗaya a data ba. Ka sauke ka karanta babin farko ko da shi kaɗai ne. Nan gaba idan ka ga jirgin baƙin halittu ya rufe sararin New York a fim, ka tambayi kanka: tarihin su wa aka ara aka yi wannan tsoron da shi, kuma ina aka kai masu tarihin?