Birkin motar kasuwa

Ranar Litinin da ranar Juma'a kasuwar Maraɗi ke ci. Ta Damagaram ranar Alhamis, ta Tawa ranar Lahadi. A waɗannan ranaku, tun da asuba motoci ke fitowa daga ƙauyuka cike da mutane, da buhunan hatsi da wake, da tumaki ɗaure bisa. Manomi ya biya kuɗin mota ya hau. Yakan duba taya, yakan ji kukan inji. Amma abin da ke tsai da motar, ba ya ganinshi, don yana ɓoye bayan taya.

Galibin ƙananan motocin da ke bin hanyoyin karkara, kamar Toyota Hiace da Hilux, birkinsu na gaba iri ɗaya ne. Akwai wani ƙarfe mai kama da faifai wanda ke juyawa tare da taya. Makanikai na ce mishi diski. Akwai kuma wasu abubuwa biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, ana ce musu filaket. In direba ya taka birki, man birki ya bi ta tiyo ya tura su, su matse faifan, mota ta tsaya. Ta baya kuwa sau da yawa wani iri ne, mai kama da tukunya, ana ce mishi tambur. Na gaba ya fi shan wahala, don in an taka birki nauyin mota gaba yake zubowa.

Mace mai niƙa ta san dutse da ɗan dutse suna cin juna. Haka diski da filaket suke. Filaket ya fi taushi, da gangan aka yi shi haka don shi ya cinye, a sake wani, faifan ya tsira. Sabo yakan kai kaurin milimita 10 zuwa 12, kamar kaurin ƙaramin yatsa. In ya rage milimita 3, lokacin sakewa ya yi. In ya koma kamar tsinken ashana, an makara. Rairayi da ƙura da nauyin kaya suna sa shi saurin ƙarewa.

Birki ba ya mutuwa bai yi magana ba. Farko yakan yi ƙara siririya kamar fito. Daga nan sai gurnani, ƙarfe na gugar ƙarfe. In mota na karkata gefe ɗaya sa'ad da aka taka, ko sitiyari na rawa a hannun direba, ko ƙafar direba na nutsewa har ƙasa kafin mota ta tsaya, akwai ciwo. Wanda ke zaune gidan gaba yana iya ganin direba yana taka birki sau uku sau huɗu kamar mai zuga. Wannan ba gwaninta ba ce. Iska ce ta shiga tiyo, ko mai na yoyo.

Fasinja yana da bakin magana a nan. Dattijo na iya cewa: "Yaro, ƙaran nan na gaba fa?" Direba zai ce: "Ba komi Baba, yashi ne." Wani lokaci gaskiya ne, yashi ne. Amma ƙarar yashi takan wuce in an yi ƴar tafiya. Wadda ke dawowa duk lokacin da aka taka birki, ba yashi ba ce.

Wajen gyara akwai rowar da ke kashe mutane. Ba a sake filaket na taya ɗaya a bar ɗaya. Hagu da dama tare ake sakewa, in ba haka ba mota za ta fizga gefe. Diski ma biyu-biyu ne. A jikin kowane diski masu ƙera shi sun rubuta iyakar kaurin da ba a wucewa. In ya fi haka siranta, ko ya tsage, ko ya yi kwari-kwari mai zurfi, sai sabo. Sabon filaket bisa faifan da ya lalace, asarar kuɗi ce.

Makanike na kirki ba ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga, sai ya sa mata matokari mai ƙarfi. Ba ya busa ƙurar birki da baki, don tana cutar da huhu, da jiƙaƙƙen tsumma yake sharewa. Ba ya bari giris ko man inji ya taɓa diski. In ya gama, sai ya taka birki sau da yawa mota na tsaye, har ya yi tauri, kana a tashi. Takun farko bayan gyara ba ya kama komi. Kuma kilomita 200 na farko a bi a hankali, kafin sabon filaket ya zauna.

Sai maganar mai. Birki yana da nashi mai, a jikin gwangwanin an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Wannan mai yana shan ruwa daga iska, shi ya sa ake sake shi kamar kowace shekara 2. Wasu direbobi, in ya ƙare musu a daji, sai su kaɗa ruwan sabulu su zuba. Ruwa yana tafasa in birki ya yi zafi, a nan ƙafa za ta nutse ba abin da ya kama. Man inji kuwa yana kumbura robobin ciki.

A ƙasar Adar, wajen Keita da Buza, akwai gangaren dutse. Direba mai son rage shan mai yakan kashe inji ya saki mota. In inji ya mutu, abin da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi wajen taka birki shi ma ya daina aiki. A gangare ƙaramin giya ake sawa, inji ya riƙe mota. In kuma an ji ƙaurin birki, a tsaya a inuwa ya huce da kanshi. Kada karen mota ya watsa mishi ruwa, faifan zai lanƙwashe ko ya tsage.

Motar da ke gudun kilomita 80 tana bukatar filin tsayawa ninki huɗu na wadda ke gudun 40. Makiyayi mai ƙetare kwalta da garke ya san da haka, ya tsaya inda direba zai hango shi tun daga nesa, ba bayan kwana ko ƙarƙashin tudu ba.